Wayarka Ta Fi Ka Asali

Kafin mu yi nisa, ɗauki wayarka ka danna *#06#. Ba a cire ko kwabo, ba ya cin data, kuma ko a ƙauyen da sai an hau kuka ake samun sabis zai yi aiki. Wasu lambobi za su fito guda 15. To ka gaishe su, domin sunan wayarka ke nan na yanka. Tecno ko Samsung da kake kiranta da shi sunan gidansu ne kawai. In ka ga jeri biyu kada hankalinka ya tashi: waya mai cin layi biyu suna biyu gare ta, kamar jaririn da dangin uwa da dangin uba suka kasa daidaitawa ranar suna.

Ana kiran wannan lamba IMEI. An raɗa wa wayar ita tun a masana'anta, babu rago, babu goro, babu maroƙi, kuma daga ranar har yau ba ta sauya ko ɗigo ba. Yanzu sai mu juyo kan mai wayar. A takardar firamare Muhammadu ne. A ta sakandare Mohammed. A banki Muhammad, a katin zaɓe Mohd, a unguwa kuwa in ba ka ce Ɗanlami ba babu mai nuna maka gidansu. Ranar haihuwarsa uku ce: ta ainihi, wadda ba a rubuta ba, an dai ce da damina ne, ta makaranta, wadda hedimasta ya ƙiyasta bayan ya sa yaron ya kamo kunnensa ta saman kai, da ta neman aiki, wadda ta fi sauran ƙuruciya. Biyun ƙarshe duk sun faɗa 1 ga Janairu, ranar da, in za a bi takardu, ungozomar Arewa ba ta taɓa runtsawa ba. Saboda haka idan mutum da wayarsa suka shiga ofis tare, ɗaya ce kaɗai a cikinsu ke da tsayayyen tarihi, ita ce kuma ta cikin aljihu.

Lambobin nan 15 ba watsa su aka yi kamar tsakuwa ba. Takwas na farko su ne tsagar gado. A da wanzami ke wannan aiki, ka hango mutum daga nesa ka san Bagobiri ne ko Babarbare tun bai buɗe baki ba. Yanzu askar tana hannun GSMA, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya mai hedikwata a Landan. Ita ke raba lambobin takwas, kowane samfurin waya da nasa, ta yadda da ganinsu za a san wanda ya ƙera ta da irinta. Shida na biye su ne matsayinta a cikin 'yan uwanta, wato Sani ce ko Salisu ko Rabi'u, sai dai wannan gida yana ɗaukar 'ya'ya har miliyan guda.

Ta ƙarshe ita ce abin sha'awa, don ba ta da sana'a sai sa ido. Wani injiniyan kamfanin IBM ɗan asalin Jamus, Hans Peter Luhn, shi ya ƙirƙiro lissafinta a shekarun 1950. Ka ninka lamba ta biyu, da ta huɗu, da ta shida, haka har ta goma sha huɗu. Duk wadda ninkinta ya haura tara sai ka haɗa lambobinta biyu, wato 14 ta koma 5. Ka tara duka, har da waɗanda ba a ninka ba. Abin da ya rage jimlar ta cika cif, hamsin ko sittin ko saba'in, shi ne lamba ta 15. In magatakarda ya kuskure lamba ɗaya wajen kwafa, nan take lissafin zai ƙi fita. Irin lissafin ne ma a jikin katin cirar kuɗinka. Sunan ɗan Adam ne kawai ba a yi wa wannan gata ba, shi ya sa aka rubuta wa wani maƙwabcina Sule maimakon Sale, kuma yau shekara shida ke nan gwamnati na hulɗa da Sule, shi kuwa Sale yana zaman jiran a gano shi.

A nan ya kamata a raba abubuwa uku da jama'a ke cakuɗawa: waya, layi, da mutum. Layi shi ne ɗan katin nan mai girman farce da ake cusawa a gefen waya. Shi ma da nasa takardun. Dogon jerin da ke rubuce a bayansa, in ɗan Najeriya ne, yana farawa da 89234: 89 alamar kayan sadarwa, 234 ƙasarsa ta haihuwa. A cikinsa kuma akwai wata ɓoyayyiyar lamba, IMSI, mai farawa da 621 a Najeriya, 614 a Nijar. Ita kuwa lambar da kake karanta wa mutane da alfahari, mai farawa da 080 ko 070, laƙabi ce, kuma aro kamfani ya ba ka.

Duk lokacin da waya ta kama sabis, sai ta yi wa ƙarfen sabis na kusa sallama, ta faɗi layin da ke cikinta, in an tambayi sunanta na yanka ta faɗa ba gardama. Kamfani kuma ya rubuta: waya kaza, ɗauke da layi kaza, ta yi sallama a ƙarfe kaza, da ƙarfe kaza na dare. Ba ta san sirri ba. Irin yaron nan ce da za ka aika ya sallami mai bin bashi, ya fita zaure ya ce, “Baba ya ce ba ya nan.”

Wannan ne ɓarawon waya mai ƙaramin karatu bai gane ba. Yana fizgewa sai ya zare layin ya wurga kwata, a zatonsa ya yanke zumunci. Ranar da aka sa mata wani layi, wayar za ta sake yin sallama da tsohon sunanta, ta kuma gabatar da sabon maigidanta, wanda ya yi rajista da hotonsa da zanen yatsunsa. Yawancin abin da ake kira turakin ke nan. Babu wani tauraron ɗan Adam da ke leƙen tagar kowa. Littafin baƙi ake buɗewa a ga wanda ya kwana a gidan.

Bisa tsari, kamfanin sadarwa na iya ajiye littafi uku: fari na wayoyin kirki, ruwan toka na waɗanda ake sa wa ido, da baƙi na waɗanda aka yi cigiyarsu. Wayar da ta shiga baƙin littafi ko wane layi aka sa mata ba za ta kama sabis ba, sai dai a yi tocila da ita. GSMA ma tana da babban kundi da kamfanoni ke musayar irin waɗannan sunaye. Mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa har yau ake ƙwacen waya a Kano da rana tsaka? To, cigiya sai da kamanni, kuma mai wayar galibi iyakar abin da ya sani baƙa ce, gilashinta ya tsage ta kusurwa. Sannan ba kowane kamfani a kowace ƙasa ke leƙa kundin ba, saboda haka wayar da aka yi wa baki a wata nahiya kan tsallako teku ta tuba, ta fara sabuwar rayuwa da sunan 'yar Landan. Akwai masu sauya mata suna da kwamfuta, aikin da Ingila ta mayar laifi tun 2002, mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. A 2020 'yan sandan garin Meerut na Indiya sun ce sun gano wayoyi sama da 13,000 masu IMEI iri ɗaya, wato gari guda kowa Musa, a je a kamo Musa. In duk wannan ya gagara, sai a yi watanda da ita: gilashi gefe, batir gefe, kyamara gefe. Babu mai tambayar batir sunan ubansa.

Wasu ƙasashen ba sa wasa. Kenya ta kashe sabis na jabun wayoyi a 2012. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Turkiyya sun san wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 ake ba ta, in ba a yi mata rajista an biya ba sai ta kurumce. Ita ma biza gare ta. A Najeriya kuwa, a watan Mayun 2021 labari ya bazu cewa gwamnati na son kowa ya kai IMEI ɗinsa. Gari ya ɗauka, aka yi ta tsinuwa a Facebook, kowa na rantsuwar ba zai bayar ba. Hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce ba ta nemi kowa ya kawo komai ba. Gaskiya ta faɗa. Duk rantsuwar nan da wayar aka rubuta ta, ita kuwa ta riga ta faɗi sunanta da asuba, kafin mai ita ya farka.

Wahalar tana wajen abu na uku, mutum. Da aka fara wayar salula a Najeriya a 2001, layi ɗaya naira 20,000 ne ko fiye, kuma babu mai tambayarka ko kai wane ne, kuɗin sun isa shaida. Da layi ya yi araha har ana tallarsa a bakin titi, sai a 2011 aka ce kowa ya zo a ɗauki hotonsa da yatsunsa. A 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista da bai rufe ba, naira 200,000 kowane layi, kafin a yi ciniki irin na kasuwar Kurmi a sauko zuwa biliyan 330. A 2014 Babban Banki ya kawo lambar tantance masu asusu, BVN, aka sake ɗaukar yatsun. A Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, NIN, aka ba da mako biyu. Mako biyu ne irin na gwamnati, mai albarka: an yi ta ƙara shi, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya faɗa 14 ga Satumbar 2024. Lambar waya 11 ce, BVN 11, NIN 11. Cikakken ɗan ƙasa yanzu shi ne mai lambobi 33 a ka, da ƙafar da za ta iya bin layi domin a buɗe masa layi.

Ni na raka kawuna wani ofis a tsakiyar hunturu. Manomi ne, shekara hamsin yana riƙe da fartanya. Mun isa bayan asuba, muka samu lamba ta tamanin da wani abu a takardar da wani bawan Allah ya naɗa kansa mai rubutawa. Wajen la'asar aka kira mu. Wani saurayi ya kama hannun Kawu ya ɗora a kan ɗan gilashi mai koren haske.

“Baba, ɗan danna.”

Kawu ya danna har tebur ya matsa.

“Baba, na'ura ta ce ba ta ga yatsa ba.”

Kawu ya ɗago yatsan ya dube shi da kyau, ya juya shi, ya nuna wa yaron. “Ga shi kuwa, ɗana. Da shi na zo.”

Bayanin a kimiyyance mai sauƙi ne. Na'urar zanen fata take karantawa, fartanya kuwa ta daɗe da shafe shi, abin da ya rage iskar hunturu ta busar. Aka kawo basilin. Aka ce ya goga yatsan a gefen hancinsa don ya samu maiƙo. Aka ce ya hura masa iska. Aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa, har aka iso ɗan ƙaramin na hagu, wanda tun da Kawu yake bai taɓa sa shi wani aiki ba sai sosa kunne. Nan take na'ura ta karɓa. A hanyar gida Kawu bai ce komai ba sai da muka hau mota, sannan ya ce, “Ashe har a yatsu, wanda bai taɓa aiki ba shi gwamnati ta sani.”

Bayan mako uku aka rufe layin nasa duk da haka, saboda a wata takarda sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a ɗayar sunan garinsu. Sai da ya je kotu ya biya kuɗi ya yi rantsuwa cewa shi ne shi.

Da zarar an ɗaure mutum da layi, layi da waya, sai aikin tantancewa ya koma hannun wayar. Banki bai san fuskarka ba, WhatsApp ma haka. Abin da suka sani shi ne, in sun aika lambobi shida zuwa wani layi, wanda ya karanto su shi ne kai. Tsarin yana aiki lafiya lau har ranar da wayar ta ɓata. A ranar za ka je a yi maka welkom bak, wato a maido maka da layinka, a ce kawo NIN. Ba ka haddace ba, amma akwai sauƙi, ana danna *346# ta fito, daga layin da ka yi rajista da shi, wato wanda ke kwance a kwata. Ka ce bari ka duba imel, ka taɓa ajiye ta a can. Imel ya ce bai san wannan sabuwar wayar ba, ya aika lambar tabbatarwa zuwa tsohuwar. Ka nufi banki ka ciro kuɗin mota, banki ya aika tasa lambar can ita ma. Kowace ƙofa a kulle, mabuɗan duka suna cikin ɗaki ɗaya, ɗakin kuma yana aljihun wani yaro a bayan adaidaita sahu.

Mutum ɗaya ne a duk wannan tsari zai kira ka da kansa, ya gaishe ka da ladabi, ya ce ranka ya daɗe, ya tambayi iyali, ya nuna damuwa da asusunka. Shi ne ɗan damfara. Bukatarsa ƙarama ce, ka karanto masa lambobin nan shida da suka shigo yanzu. Alamar gane shi ba ta da wuya: ma'aikacin gaskiya ba ya neman wannan lamba, kuma ba ya da lokacin tambayar iyali. Sannan tun da lamba aro ce, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, tare da duk abin da tsohon mai shi ya manta bai kwance ba. Layina na biyu gadonsa na yi daga wata mai kitso. Har yau ana kirana ranar Alhamis a tambayi ko da layi, na kan ce babu, a zo.

Ita ma wayar tana tantance mai ita. Ka kuskure PIN na layi sau uku, ya kulle ya nemi PUK, lambobi takwas da ke jikin faffaɗan katin da ka ɓalle layin daga ciki ka yar a ƙofar shago. Ka kuskure PUK sau goma, layin ya riga mu gidan gaskiya. Apple ya sa na'urar karanta yatsa a iPhone a 2013, ta fuska a 2017, ya ce yiwuwar baƙo ya buɗe da yatsansa ɗaya ce cikin 50,000, da fuska ɗaya cikin miliyan, amma ya yi togaciya a kan tagwaye, don haka Hassan da Husaini sai su sasanta a gida. Amarya mai baƙin lalle kuwa kan yi kwanaki wayarta na yi mata kallon baƙuwa, daidai lokacin da dangin miji ke yi mata irinsa.

Inda duk wannan karatu ke da amfani shi ne ranar sayen waya ta hannu. A kasuwar shanu ba a sayen sa daga mutumin da ba a sani ba sai da dillali, wanda in magana ta taso zai ce ga wanda ya kawo. Amma mutumin da ba zai sayi akuya babu shaida ba, shi ne zai tsaya a bakin kasuwar waya ta Farm Centre da magariba, wani ya raɗa masa cewa matarsa ce ke asibiti, ya ba shi wayar dubu ɗari uku a dubu tamanin, ya tafi gida yana cewa Allah ne ya ciyar da shi. Abu biyu ke jiransa. Na farko, tun 2013 a iPhone, tun 2015 a Android, wayar da aka goge ba tare da mai ita ya cire asusunsa ba tana farkawa ne ta nemi tsohon maigidanta, ta ƙi kowa. Na biyu, in ta buɗe, ya sa layinsa mai ɗauke da NIN ɗinsa, to ya sa hannu a littafin baƙi. Wanda ya fizge ta ya daɗe da cin kuɗin. Wanda za a samu shi ne na ƙarshe, kuma sunan wannan matsayi a Hausa ɓarawon zaune, ko da a tsaye ya saya.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. A danna *#06# a gabanka, lambar ta yi daidai da ta jikin kwali. Mai sayarwa ya cire asusunsa kana kallo. A rubuta rasit mai ɗauke da lambobin 15 da sunan shago. Wanda ya ce sauri yake yi, a bar shi ya yi saurinsa.

Ni kaina na bi rabin wannan ƙa'ida. Shekara biyu da suka wuce na danna lambar, na ɗauki hotonta don kada ta ɓata, na adana hoton a cikin wayar. Da aka fizge ta a hannuna wani dare, jami'in da na kai wa ƙara ya ce, “Malam, kana da IMEI?” Na ce ina da ita, Yallaɓai. Ya ce tana ina? Na ce tana ciki. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce in je in nemo kwali. Na koma gida aka yi ta bincike, daga ƙarshe aka samo shi a ɗakin uwargida cike da zare da allura da maɓallai. Na zazzage su a kan gado, na koma da gudu. Kwalin tsohuwar rakani-kashin da ta mutu tun 2017 ne.

Saboda haka, mai karatu, tun da wayar na hannunka yanzu, danna lambar nan, ka samu biro da takarda ka kwafe duka 15, in jeri biyu ne duka 30. Ka sa takardar inda kake ajiye takardar fili. Kwalin kuma ka sanar da mutanen gida cewa yana da aiki, ka saya musu gwangwanin zare daban.